Ciwon Litinin

Shafi na 19

Masu turo min saƙo suna cewa na tsani Goggo Lauratu, ku ji tsoron Allah. Ban tsane ta ba, bakinta ne dai ba na so, kuma na san a layinku ma akwai irinta. Ke kuma baiwar Allah da kika rantse idan aka cire Radiyya daga makaranta za ki daina karanta labarina, gyara zama tukuna.

Waɗanda suka shigo mana jiya-jiya, ga inda muke. Radiyya 'yar Kiyawa ce, tana aji ɗaya a jami'a a Dutse, tana karanta saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam. Mahaifinta, wanda gari ke kira Mailafiya, ya rasu bara a hatsarin mota a hanyar kasuwar Shuwarin, wadda ke ci duk Litinin. Wansa Alhaji shi ke riƙe da gidan yanzu. Maganarsa ce ta kai Radiyya makaranta, maganarsa kuma za ta iya dawo da ita gida. To shi Alhajin, kusan shekara guda ke nan, duk ranar Litinin sai ciwo ya kayar da shi: gumi, rawar jiki, zuciya kamar za ta fito. Ya daina zuwa kasuwa. 'Yan gida suka sa wa abin suna ciwon Litinin, kuma kowa ya tafi a kan sammu ne. Shekaranjiya ƙanwarsu Goggo Lauratu ta shiga yin shara a ɗakin mahaifiyar Radiyya, sharar da babu wanda ya sa ta, ta zaro wata takarda daga cikin littafi. An zana ta gida-gida, da lambobi a ciki, da sunan Alhaji a sama.

Da hantsin Asabar aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Alhaji na kan kujerarsa. Malam Sani, limamin unguwa, yana damansa da takardar a hannu. Kamilu, babban ɗan Alhaji, ya raɓe jikin bango kansa a ƙasa. Shi aka ce yana tuƙi ranar hatsarin, kuma tun daga lokacin bai ƙara haɗa ido da Radiyya ba. Inna Mu'minatu, mahaifiyarta, ta zauna can gefe ta ja mayafi har goshi.

Radiyya, da aka kirawo daga Dutse, ta durƙusa ta gaida kowa. Malam ne kaɗai ya amsa da kyau.

"Ga ta nan, 'yar saiko," in ji Goggo Lauratu. "Tun ranar da aka ce karatun saiko za ta yi na ce Yaya, wannan karatun mahaukata ne. Aka ce ni ce ban waye ba. To ga wayewa nan. Hatimi, da sunanka a sama, da jan biro."

"Lauratu, bari in yi magana."

"Ai na yi shiru, Yaya."

Ba ta yi ba, ƙasa-ƙasa ta koma.

Alhaji ya dubi Radiyya. "Wannan rubutunki ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Sunana ne a sama?"

"Naka ne."

Inna ta runtse ido.

"To ki saurara. Ni na kai ki Dutse da kaina, saboda ƙanina ya so ki yi karatu. Idan duba da tsubbu ake koya muku, kin gama daga yau. Gobe Kamilu zai je ɗakinku na Limawa a Dutse ya kwaso kayanki. In kina da magana, ga Malam ga ni."

Tsoro ya kama Radiyya, ba zan ɓoye muku ba. Ta tuna ɗakinsu na Limawa, da littattafanta da ta jera a kan taga, da jarrabawar da ta rage mata mako uku. Ta buɗe baki ke nan Malam ya ɗaga hannu.

"Kafin ta yi tata, Alhaji, ni ina da tawa. Kwana biyu ina fama da takardar nan. Hatimi dai, in na gaske ne, in ka tara lambobinsa a tsaye ka tara a kwance, abu ɗaya zai ba ka. Wannan na tara ta nan, na tara ta can, har na kira jikata Raihana ta tara min a waya. Ya ƙi. Ko dai ba hatimi ba ne, ko kuma wanda ya koya mata bai iya ba."

"Na Turawa ne, Malam," Goggo ta cafe. "Nasu ai ba ya taruwa."

Malam ya dube ta, ya dubi takardar, ya yi gyaran murya kawai.

"Baba," in ji Radiyya, "kafin komai, na yi laifi guda ɗaya. Aikin makaranta ne aka ba mu a hutu, aka ce kowa ya lura da wata halayya a gidansu ya rubuta. Malaminmu ya ja mana kunne, ya ce a nemi izinin mutum, kuma kada a sa sunansa. Ni na ji nauyin tambayarka, sai na yi gaban kaina. Wannan kam ka yafe min."

Alhaji bai zaci haka ba. Ya gyara hularsa.

"Sauran fa?"

"Sauran ba laifi ba ne. In ka ba ni dama zan karanta maka shi gida-gida."

"Tsaya," in ji Goggo. "In karatun naku na gaskiya ne, faɗa min abin da ke zuciyata yanzu."

"Ban sani ba, Goggo. Gaibu na Allah ne. Mu abin da ake koya mana shi ne mu lura da abin da mutum ke yi, mu rubuta, mu gwada mu gani ko zatonmu daidai ne. In bai yi daidai ba mu jefar da shi."

Ni da nake ba ku labari ban je jami'a ba, amma na san abin da ke zuciyar Goggo a lokacin, ku ma kun sani.

Malam ya miƙa wa Radiyya takardar. Ta shimfiɗa ta a kan tabarma inda Alhaji zai gani.

"Na ƙasan nan ranaku ne, Baba. Mako tara na yi a gida, Litinin tara ke nan. Lambobin kuma ƙarfin ciwon ne. In ya kayar da kai na sa biyar, in ɗan rashin sukuni ne kawai na sa ɗaya."

"Shi ya sa ya ƙi taruwa," in ji Malam a hankali.

"Litinin bakwai, huɗu ne ko biyar. Amma dubi nan, da nan. Ɗaya, ɗaya. Litinin biyu ka tashi ka karya, har ka zauna a ƙofar gida kana sauraron rediyo."

"Rubutun da na karɓo daga Buji ne ya yi aiki," in ji Goggo.

"Goggo, rubutun Buji ai duk Lahadi kike ba shi, har da bakwai ɗin da ya kwanta."

Kamilu ya ɗan ɗago kai a karon farko.

"Sai na tambayi kaina, me ya bambanta ranakun nan biyu? Abinci ɗaya ne, barci ɗaya ne. Na yi ta juya abin. Sai ga wannan." Ta ɗora yatsa a wani gida can gefe. "Biyar ce cif, amma ranar Alhamis. Kun tuna? Ranar da mata suka tafi bikin suna a Buji. Aka ce zazzaɓi ne."

"An yi haka," in ji Inna, ita ce maganarta ta farko.

"Ciwon Litinin me ya kai shi Alhamis? Yaya Kamilu, don Allah, ranar wa ya kai su Buji?"

Kamilu ya ce, "Ni ne."

"Da wace mota?"

"Da a-kori-kura."

"Da ka iso ƙofar gida me ka yi?"

"Hon na danna, don su fito."

"Sau nawa?"

"Uku. Yadda nake yi wa masu buhuna ranar kasuwa."

"Litinin biyun da Baba bai kwanta ba fa, ina motar take?"

Kamilu ya lissafa kwanaki a yatsunsa, sannan idonsa ya buɗe. "Tana gareji a Dutse. Mako biyu ta yi, giya ce ta lalace."

Har Goggo sai da ta rufe baki, na daƙiƙa biyar.

"Yanzu hon ne zai kayar da mutum kamar Yaya? Ke 'yar nan, ki ji kunya mana."

"Goggo, ki ara min tasar awakinki."

"Me za ki yi da ita?"

"Ba ta," in ji Alhaji.

Radiyya ta tashi ta ɗauko tasar daga bakin murhu. Ta kife ta, ta nuna wa kowa babu komai a ciki. Awakin Goggo huɗu suna kwance a turke suna tuƙa, ba ruwansu da kowa. Ta ɗauki ludayi ta buga gefen tasar, kwal, kwal, kwal, yadda Goggo ke yi duk yamma kafin ta zuba dusa.

Kai, ku zo ku ga ikon Allah. Awaki suka zabura a tare, suna kuka suna jan igiya, wata har ta hau kan wata.

"Goggo, sammu na yi musu?"

Malam Sani ya sa hannu ya rufe baki, kafaɗarsa na girgiza.

"Babu dusa a tasar nan," in ji Radiyya. "Amma kullum ƙara na zuwa, dusa na biyo baya, har jikinsu ya ɗaure biyun wuri ɗaya. Yanzu ƙarar kaɗai ta isa. Wani Bature ya gwada irin wannan da karnuka fiye da shekara ɗari da suka wuce. Wannan shi ne gidan nan na biyu a sama, mahangar sabo. Masu ita suna cewa yawancin abin da muke yi koyonsa muka yi, har da tsoro."

"Kin ji ko, Yaya? Ta haɗa ka da akuya da kare."

"Allah ya tsare ni, Goggo. Baba ya fi ƙarfin haka, shi ya sa gidajen suke da yawa. A karatunmu ba a kallon mutum ta gefe ɗaya. Kamar ɗaki ne mai tagogi, abin da ka hango ta wannan ba shi za ka hango ta waccan ba."

Alhaji ya sunkuyo. Fushin fuskarsa ya ragu, wani abu dabam ya shigo. "Na farkon fa?"

"Mahangar jiki. Masu ita suna duba ƙwaƙwalwa da jini da jijiyoyi. Allah ya halicce mu da wani shiri, in ƙwaƙwalwa ta ji haɗari sai ta sa zuciya ta yi gudu, gumi ya zubo, don mutum ya tsere ko ya kare kansa. Rahama ce. Matsalar sai in ta tashi ba haɗarin. Na rubuta a nan cewa ya kamata a auna jininka a duba zuciyarka a asibiti, don ni ba zan iya rantsewa babu wani ciwon a ciki ba."

"Uhm."

"Na uku mahangar tunani ce, abin da mutum ke faɗa wa kansa. Baba, tun la'asar ɗin Lahadi gidan nan ke fara cewa gobe Litinin. A shimfiɗa maka katifa a falo, a jiƙa rubutu, a hana yara motsi. Kafin gari ya waye ka riga ka gama jiran ciwon. Shi ya sa ko ranar da mota ba ta zo ba, ban sa sifiri ba, ɗaya na sa."

Inna ta saci kallon Goggo, don ita ce mai shimfiɗa katifar. Goggo ta kau da kai ta shiga gyaran ɗaurin ɗankwali.

"Na huɗu..." Radiyya ta ɗora yatsa a kan gidan. "Baba, na huɗun yana da nauyi a bakina."

"Faɗi. Yau ranar faɗa ce."

"Mahangar al'ada ce, yadda mutanen da ka tashi a cikinsu suke siffanta ka. A garin nan babban mutum yana iya cewa ba shi da lafiya, kowa ya zo dubiya. Amma ba shi da damar cewa tsoro nake ji. To in baki ya ƙi faɗa, wani lokaci jiki ne ke faɗa."

Goggo ta dafe ƙirji. "Yaya ne matsoraci? Mutumin da ya kori ɓarayin shanu da sanda?"

"Ban ce matsoraci ba ne. Baba yana cikin motar nan ranar da abin ya faru. Kuma ciwon bai fara ranar ba, shi ya sa babu wanda ya haɗa su. Sai bayan wata uku ya fara. Inna ta ce min a makon da aka dawo da motar daga gyaran hatsarin ne."

Ita kanta Radiyya idonta ya cika, don mahaifinta ake magana a kai, amma ta danne.

Alhaji ya juya ga Malam.

"Yau wace rana?"

"Asabar," in ji Malam.

"Kamilu, da motar ka zo?"

"Tana bakin masallaci, Baba."

"Je ka kawo ta ƙofar gida ka danna."

Radiyya ta matso da sauri a kan gwiwoyinta. "Baba, kada a yi. An hana mu gwada mutum da abin da zai wahalar da shi. Na gwammace ka ƙi yarda da ni."

"Ba ke kika gwada ba, ni na gwada. Shekara guda ina zargin abokan kasuwata da sammu, na daina gaisawa da mutum uku. In ƙarya na yi musu ina so in sani kafin in mutu. Kamilu, tashi."

Kamilu ya fita kamar ba ya so. Aka ji tashin inji daga nesa, aka ji ta matso. Alhaji ya dafe hannun kujera ya ɗaga haɓa, irin na ga ni ga ku.

Hon ya tashi, sau uku.

Na farko, ya ƙifta ido. Na biyu, yatsunsa suka fara rawa. Kafin na uku ya mutu gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula, numfashinsa ya koma sama-sama, ya kai hannu ƙirji.

"Innalillahi!" Goggo ta miƙe. "A kawo rubutu, a kawo katifa."

"Goggo, don Allah ki zauna, kada a rufe shi." Radiyya ta durƙusa a gabansa. Yarinyar da ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, yau ta kalla. "Baba, dube ni. Yau Asabar ce. Kana gidanka a Kiyawa, ga rumfa, ga Malam. Motar a tsaye take. Ja numfashi ta hanci a hankali. Haka. Riƙe kaɗan. Saki ta baki, a hankali, kamar kana hura koko."

Malam ya matso yana karanta addu'a ƙasa-ƙasa.

"Sake ja. Zuciyar za ta sauka da kanta, ba za ta daɗe a haka ba. Faɗa min abu uku da kake gani."

"Ke," in ji Alhaji da ƙyar. "Randa. Akuyar Lauratu tana cin igiya."

"Madalla. Sake ja."

Ciwon da ya saba cinye wuni guda, kafin ruwan shayi ya tafasa ya fara sauka. Rawar hannun ta lafa. Inna ta kawo ruwa a moɗa, ya sha, ya zuba saura a fuska. Ya zauna yana kallon tafin hannunsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Asabar," ya ce. "Malam, ka gani da idonka. Asabar."

"Na gani, Alhaji. Sammu gaskiya ne akwai shi, amma ban taɓa jin wanda ke jiran a danna masa hon ba."

"To yanzu maganin fa, Radiyya?"

"Ni ba likita ba ce, Baba, aji ɗaya nake. Abin da na yi yanzu ma a aji aka nuna mana, ba shi ne maganin ba. A fara da asibiti. Bayan nan akwai waɗanda suka ƙware a irin wannan, ana zama da su ana magana, suna saba wa mutum da ƙarar kaɗan-kaɗan har jiki ya gane babu haɗari. Ana warkewa da yardar Allah. Addu'a kuma ba a dainawa."

"Wannan haka yake," in ji Malam. "Neman magani ai umarni ne."

"Saura gida na biyar," in ji Radiyya. "Shi na fi so. Mahangar mutuntaka. Masu ita suna cewa mutum ba tarin ciwo ba ne, yana da zaɓi, yana da inda yake son kaiwa. Ka ga abin da na rubuta? Duk Litinin da yamma, komai wuyar da ka sha, sai ka aika a tambayo maka yadda kasuwa ta ci. Wanda ya haƙura da Shuwarin ba ya tambaya. Za ka koma, Baba."

Alhaji ya yi dariya. Gidan nan ya manta yadda dariyarsa take, har Kamilu da ya dawo ya tsaya turus a bakin ƙofa.

"Lauratu."

"Na'am, Yaya."

"Kin ce karatun mahaukata ne. Shekara guda muna hauka a gidan nan, da ni da ke, sai da 'yar aji ɗaya ta zo da tasar awaki." Ya juya ga kowa. "Ku ji da kyau. Jibi Radiyya za ta koma Dutse. Ta gama aji ɗaya, ta gama na huɗu, in akwai na goma ma ta je. Wanda ya ƙara kiranta 'yar saiko a gidan nan, da ni yake."

Inna ta kifa fuska a cikin mayafi tana kuka tana alhamdulillahi. Radiyya ta rasa inda za ta sa kanta don murna, sai godiya take jerowa, "Allah ya ƙara girma, Baba, Allah ya ba ka lafiya." Wallahi ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye waya na yi 'yar rawa a tsakar ɗaki.

Goggo fa? Kun san ba ta faɗuwa ƙasa.

"Ni dama tun tana goye na ce yarinyar nan akwai ƙwaƙwalwa. Ba don na tsinci takardar ba, da wa zai sani?" Ta matso kusa da Radiyya ta rage murya. "Ke, in kin huta, akwai mantuwa da ke damuna. Sai in shiga ɗaki in rasa me ya kai ni. Ki zana min nawa, amma kada ki sa suna."

Malam ya yi addu'a aka shafa, ya yi sallama ya fita yana murmushi. Inna ta nufi madafa. Radiyya ta sunkuya za ta naɗe takardarta, sai Alhaji ya ɗora yatsa a kai.

"Biyo ni da ita ɗaki. Kamilu, kai ma zo."

Ɗakin Alhaji da sanyi, labule a sake. Ya zauna a bakin gado, su biyu suka zauna a ƙasa. Dariyar ɗazu ta bar fuskarsa.

"Ban yi boko ba, amma na iya ƙirga. Gida shida kika zana a sama, biyar kika karanta. Wannan na ƙarshen me ya sa babu komai a ciki?"

"Ita ce mahangar abin da zuciya ta binne, Baba. Masu ita suna cewa akwai abin da mutum ke turawa can ƙasa don ya yi masa nauyi, ya ƙi tunawa, ya ƙi faɗa, amma abin bai mutu ba, yana nan yana aiki. Wannan ba a ganinsa daga waje. Ban san komai a kai ba, shi ya sa na bar shi."

"In mutum ya faɗa, yana samun sauƙi?"

"An ce sau da yawa yana samu. Amma ba dole sai ni ba, akwai..."

"Dole sai ke."

Kamilu ya ɗago a firgice. "Baba, don Allah. Mun yi magana. Ni na yarda, na ɗauka, ya wuce."

"Bai wuce ba. Wata goma sha huɗu kana yawo da kai a ƙasa, 'yar'uwarka na gaishe ka da ƙyar, ina kallo ina shiru." Ya juyo ga Radiyya, hawaye na bin gemunsa. "Ɗauki bironki ki cike gidan. Ranar nan Kamilu a baya yake, a kan buhuna. Ni na karɓi makulli na ce zan gwada hannuna, mahaifinki yana cewa Yaya bari, Yaya bari. Hon ɗin nan uku da kike ji, ni na danna su kafin mu bugi bishiyar."

Radiyya ta ɗauki biron ke nan, ya zame daga hannunta.

Labule ya ɗaga. Inna ce tsaye da kwanon fura, babu mayafi a goshi yanzu, idonta a kan Alhaji.

"Maimaita," ta ce. "Ban ji da kyau ba."